Yadda Na Sa Matan Sa'alaba Susa

Jama'ar majalisar bakin gareji, kun ishe ni. Tun da na sauka nake amsa tambaya ɗaya, har maƙogwarona ya fara ƙara irin ta fasasshiyar salansa. "Sabo, ya Jidda?" "Sabo, wai da gaske ne ka hau dutse neman 'ya'yan fure?" Garba Dogo ma a ƙofar masallaci ya tare ni, takalmina ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. To ga shi nan na rubuto muku gaba ɗaya, kowa ya karanta a wayarsa ya ƙyale ni in yi aiki. Wanda ya ce na ƙara gishiri, ya yanki tikiti ya je ya gano wa idonsa.

Kun dai san maigidana ne ya biya min Umara, Allah ya saka masa da alheri. Abin da ba ku sani ba shi ne aiken da Umma ta ɗora min. Ummarmu haifaffiyar Jidda ce, aure ne ya kawo ta Kano. Tana da yaya guda a can, Inna Azumi, a wata unguwa da ake ce wa Sa'alaba. Tun rasuwar mahaifiyarsu ba sa magana. Kaka ta kwanta ciwo a Jidda, Inna Azumi ba ta sanar ba sai da aka binne ta, Umma kuwa ta ɗauke ƙafa ta ɗauke baki. Shekaru suka yi ta tafiya, ko da sallah sai dai "a gaishe ta" ta bakin matafiya.

Ana gobe zan tashi na durƙusa gaban Umma na ce, "Me za a kawo miki? Abaya? Turare? Ko in saɓo miki Balarabe guda ya riƙa yi miki fifita?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka je wajen Azumi. Ka ce ta ba ka murabbar wardi, irin ta tsohuwarmu. Kwalba ɗaya."

"Mece ce kuma murabba, Umma?"

"In ka gani ka sani. In ta hana ka, kar ka roƙe ta. Ka dawo abinka, na ji amsa."

Nan na gane ba tsaraba aka aike ni nema ba. In na dawo da kwalba, zumunci da sauran numfashi. In na dawo hannu rabbana, an rufe littafi. Kuma duk cikin 'ya'yanta aka rasa wanda za a ɗora wa wannan kaya sai ni, da ko aiken gishiri aka yi min sai na dawo da labari maimakon gishiri.

Jirgi dai kun san ban taɓa hawa ba. Tun daga Kano na ɗaura harami, don kar in rikice a sama. Ba wanda ya gaya min cikin jirgi firiza ce mai fukafukai. Na zauna daga ni sai ƙyalle biyu, haƙorana suna kiɗan kalangu. Kusa da ni wani dattijo ne daga ƙauye, shi ma hawansa na farko. Da jirgin ya ɗaga sai ya damƙe min cinya ya ce, "Yaro, kai da ka saba, haka yake yi?" Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, giya yake canzawa." Ni kuwa a raina kalmar shahada nake maimaitawa.

A filin jirgin Jidda aka zo ɗaukar hoton yatsa. Ni da na shekara da shekaru ina kwance inji, baƙin mai da fetur sun cinye zanen yatsuna tas. Na ɗora, na'ura ta yi ja. Na sake, ta yi ja. Ma'aikacin ya miƙo min ƙyalle, na goge, ta yi ja. Layi a bayana ya kai Kwanar Dawaki. Can ya nuna min in goga yatsan a goshina. Na goga, na ɗora, sai ga kore. Ashe maiƙon goshin Bakano ma takarda ce a ƙasar waje.

Umara kam ba abin wasa ba ce, ba zan sa mata barkwanci ba. Na ga Ka'aba, bakin nan nawa da ba ya rufuwa ya rufu da kansa. Na yi muku addu'a duka, har da Garba Dogo.

Da na gama na dawo Jidda, ɗan Inna Azumi ya zo ɗaukata. Sunansa Abdurrahman, amma Dahumi ake ce masa. Ƙato ne, in ya shiga motarsa sai ta durƙusa ta gefe ɗaya. Aikinsa kai wa mutane saƙo gida-gida. A can aka haife shi, Hausarsa kuwa kamar tuwon da aka tuƙa da Larabci. Ya rungume ni ya ce, "Ahlan ya walad khala! Sannu da, da, da wusul. Ni Hausa ina ji mia bil mia, bas baki ya ƙi." Na ce, "Kar ka damu, ni ma Larabci ina ji, amma na sallah kawai."

Sa'alaba in ka cire Larabcin jikin allunan shaguna, sai ka rantse Fagge ce. Tsofaffin gidaje, lunguna, wata tsohuwa tana soya ƙosai. Bambancin ɗaya, maguna. Mu akuya ce ke yawo a unguwa, su mage. Wata ta kalle ni daga saman bola kamar za ta ce in nuna iƙama, wato takardar izinin zama. Ɗakin da aka ba ni yana kusa da matattakala, da tsohon mukayyif, wato esi, mai ƙara kamar injin markaɗe. In na kunna ba barci, in na kashe zafi ya dafa ni.

Inna Azumi 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai sanda. Da na ɗaga kai na gan ta, sai ga fuskar Umma sak, har da yadda take taɓe baki. Ta sa aka cika min gaba da shinkafa da naman rago. Ta tambayi Baba, ta tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi bishiyar dalbejiyar ƙofar gidanmu da ta gani a hoto. Umma ce kawai ba ta tambaya ba.

Da na ga cikina ya ɗauka, na gyara zama na isar da saƙo. Dahumi ya miƙe ya ce ya manta wani abu a mota.

Ta ce, "Ita bakinta ciwo yake da ba za ta faɗa da kanta ba?"

"Inna, ni dai ɗan aike ne."

"Ba ni da murabba. Rabona da yin ta tun ranar da tsohuwa ta bar gidan nan." Ta juya sandarta. "In tana so, ga ɗanta nan, ƙato da shi. Ya hau dutse ya tsinko, ya gyara da hannunsa. Ni nawa ido."

A nan ta yi min bayanin abin. Wardi dai fure ne, wannan mai ƙaya da ake turare da shi. In furen ya kaɗe ba a tsinke shi ba, sai gindinsa ya kumbura ya zama ɗa, ja, kamar magarya mai wuya. Shi ake dafawa da sukari ya yi kauri a riƙa shafa wa burodi, ita ce murabba. Ana kuma busar da shi a yi shayi lokacin mura. Kaka ta koya ne a gidan wasu Buhariyawa, mutanen ƙasar Buhara, da ta yi wa aiki a Ɗa'if, garin kan duwatsu, tana budurwa. Duk shekara in sanyi ya kusa sai ta yi, su Umma suna yara suna lashe cokali.

Na ce, "Inna, ai wannan ba aiki ba ne. Ni da nake sauke injin tirela?"

Ta ce, "Za mu gani."

Kafin ranar hawa dutse Dahumi ya ce sai ya kai ni na ci abincin Jidda na asali, wanda ba a samu a ko'ina a duniya. Muka tafi Bab Makka, kasuwa ce ta yadi da abinci, cinkoso kamar Kwari ana jajiberin sallah. Yana ta zuba min talla. "Wallahi ya Sabo, wannan in ka ci, halas, ka manta Najeriya. Sunansa siriyya." Aka kawo a takarda. Na buɗe. Jama'a, tsire ne. Tsire da ƙuli da albasa. Na kalli mai gashin, ya kalle ni, na ce, "Malam, daga ina?" Ya ce, "Kakana dai daga Gwarzo." Na ce wa Dahumi, "Ɗan'uwa, jirgi na hau na tsallake teku don ka nuna min tsire?" Amma gaskiya ya yi daɗi, sai dai yajin nasu na jarirai ne.

Ranar tafiya Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana ba da umarni kamar mai tura soja. Kar in tsinko kore ko ruwan lemo, sai ja sosai. Kar in ɗauki mai baƙin tabo ko wanda tsutsa ta huda. Kar in taɓa na bakin titi ko na lambun da ake fesa wa magani. "In ka kawo min shara, kai za ka cinye ta."

Hanyar Ɗa'if wanda ya zana ta maciji ya bi. Kwana kan kwana, kana hawa kana ganin motocin ƙasa sun koma kamar ƙwaro. Dahumi yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana cin 'ya'yan kankana. Na ce, "Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ina da iyali." Ya ce, "Ai ba ka yi aure ba." Na ce, "To ai shi ya sa."

A wani wuri muka tsaya ganin birai. Sun cika bakin hanya, manya-manya, zaune kamar 'yan kamasho suna jiran mota. Na sauko da ledar burodin tamis ɗinmu a hannu ina cewa a ɗauke ni hoto. Wani babba ya taho a hankali, ya tsaya gabana, ya miƙo hannu. Ban ba shi ba. Ya fizge ledar, ya haɗa da hulata, ya haye dutse ya zauna yana ci yana kallona. Na yi zaman tasha, na san 'yan sane iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya yi min sane ya kuma tsaya mu haɗa ido ba.

Can sama, wajen da ake ce wa Shafa, sanyi ne da hazo. Muka je gonar wani tsohon Balarabe da ya san Kaka. Ammu kawai Dahumi ke ce masa, wato baffa. Ya shimfiɗa mana darduma, ya kawo gahawa da dabino. Kofin gahawar nan bai fi murfin kwalba ba, kuma ɗan kaɗan ake ɗigawa a ciki. Na ce a raina, wannan tsoho da rowa yake. Na shanye na miƙa kofi, ya ƙara. Na shanye na miƙa don ya karɓa, ya ƙara. Mu a gida in ka ƙoshi ka ce alhamdulillahi an gane. Na faɗa, ya amsa min da fara'a, ya ƙara. Sai da zuciyata ta fara bugawa kamar fistin, idona ya buɗe har ina hango Kano, sannan Dahumi da ke ta ƙunshe dariya ya raɗa min, "Girgiza kofin, ya shekh!" Ashe in ba ka girgiza kofi ba, har gobe zuba maka za a yi.

Wardin da suke nomawa don turare tun bazara ake tsinke furensa, ba ya kai ga yin 'ya'ya. Na dajin da ya yi shinge a bayan gonar shi ne namu. Ammu ya nuna mana, ya ce mu ɗiba, tsuntsaye ne kawai ke ci. Daga nesa abin sha'awa, jajaye reras. Da na sa hannu na gane dalilin da ya sa aka bar wa tsuntsaye. Ƙayar nan lanƙwasasshiya ce kamar ƙugiya, in ta kama riga sai ta ji dalilin zuwanka. Dahumi ya tsinki guda biyar ya ce bayansa na ciwo, ya koma wajen dabino. Ni na shiga ciki da ƙarfin gahawa. Kafin la'asar na cika buhun shinkafa ƙarami, hannuwana kamar na raba faɗan maguna.

Inna ta zazzage buhun a babban tire, ta tsince na banza, ba ta ce sannu ba. Ta raba biyu. Rabi ta sa na wanke na yanke kai da gindi, ta ƙulla a leda ta jefa firiza. Ta ce a ƙasashen sanyi sai jaura ta dake shi yake laushi ya yi zaƙi, a Jidda kuwa firiza ce jaurarsu. Ɗaya rabin ta sa na hau da shi saman bene na baza a kan tabarma, aka rufa da yadi mai shara-shara saboda ƙura da maguna. Na shayi ke nan. Ta ɗaga min sanda ta ce, "Kar ka taɓa komai sai na ce."

Na tafi Madina ziyara na yi kwanaki. Da na dawo na hau bene na duba, sun bushe ƙayau, sun yamutse, in ka girgiza suna ƙara. Magarya sak. Ranar Alhamis ce, Dahumi ya kai Inna ganin likitan ƙafa. Na ga ni kaɗai ne a gida, ga kwanakina suna ƙarewa, ga tsohon turmin Kaka a lungun kicin. Sai Shaiɗan ya zo min da shawara cikin muryar hankali. Ya ce, Sabo, kai Bakano ne. Busasshen abu mai ƙwallo a ciki, me ake yi masa? A daka, a sheƙe, a bakace. Kafin tsohuwa ta dawo ka gama, ta san 'yar'uwarta ta haifi namiji.

Na zuba a turmi na kirɓa. Ya farfashe da kyau, ga jan ɓawo, ga 'yan ƙwallaye farare, ga wani abu kamar gashin auduga. Na ce wannan dusa ce. To shiƙa sai da iska, Jidda kuwa ranar ko ganye ba ya motsi. Sai na shigo falo, na kunna babbar fanka, na tsaya gabanta da tire biyu ina zubowa daga sama kamar matan ƙauye a masussuka. Dusar nan ta tashi ta bi iska, ta sauka kan kafet, kan matasan jingina, kan labule. Na share abin da ido ke gani, na jera jan ɓawon a tire gwanin kyau.

Wuyana ne ya fara. Na ce zufa ce. Sai hammata. Sai bayan gwiwa. Kun san ƙaiƙayin gero, kun san ƙarara. To ku haɗa su aure, abin da za su haifa shi ne gashin cikin ɗan wardi. Na ruga banɗaki na yi wanka, abin ya ƙaru. Ina fitowa na ji Inna ta dawo, sai kuma sallamar baƙi. Na manta duk Alhamis da yamma ƙawayen Inna suke taruwa a falon nan shan shayi.

Na gudu saman bene na laɓe ina susa da murfin tukunya. Ta tagar matattakala ina jin komai. An gaisa, an zauna, an jingina. Hira ta fara daɗi. Can na ji wata ta ce, "Azumi, kin canza sabulun wankin kafet ne?" Wata ta ce, "Ni ma wallahi tun ɗazu nake daurewa." Wata mai Hausar Sudan ta ce, "Ya jama'a, kuɗin cizo ne!" Sai falo ya kaure. Awarwaro na ƙara kacau-kacau, tsofaffi masu jikoki suna goga baya a jikin bango. Wata ta ce a kira mai ruƙiyya. Suka fice a guje, ko takalmi wasu ba su tsaya nema ba. Maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko gobara ce.

Sai na ji sanda tana hawa matattakala, ƙwas, ƙwas. Inna ta tsaya a kaina, wuyanta ya yi ja, tiren ɓawon a hannunta.

"Wa ya ce ka taɓa?"

"Inna, na ga kamar magarya ne."

"Magarya! A falona ka yi shiƙa? Halin uwarka ka kwaso kaf. Gaggawa, ba tambaya, a yi fushi a tafi." Ta ajiye tiren da ƙarfi. "Halas. Ba murabba. Ka je ka gaya mata abin da ka ga dama."

Kun san ni, ko a gaban alƙali ba na rasa abin faɗa. Ranar na lalubo barkwanci na rasa. Na ce, "Inna, ni ba faɗanta nake tsoro ba. In na koma ba kwalba, ba za ta ce komai ba. Cewa za ta yi sannu da hanya, ta tashi ta shiga ɗaki. Shi nake tsoro."

Ta daɗe tana kallona tana susar gwiwar hannu. Ta juya ta sauka.

Washegari tun da safe na kwashe kafet da matasai da labule na hau da su bene. Na wanke, na ɗauraye, na sake wankewa. Dahumi ya taya ni da baki, yana zaune a inuwa yana cewa, "Yalla ya Sabo, shidd helak," wai in ƙara himma. Na bi gidajen tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya na mayar da takalma na ba da haƙuri. Mai Hausar Sudan ta ce ta yafe, amma in na sake zuwa Jidda in sanar tukuna su yi hijira.

Da na gama ban tambayi kowa ba, na ciro na firizar na bari ya saki. Na zauna a kicin da wuƙa da ƙaramin cokali. Na tsaga ɗaya, na ga ƙwallayen da gashin a kwance a ciki, jiƙaƙƙu, ba sa tashi. Na kankare, na jefa ɓawon a kwano. Na ɗauki na biyu. Jama'a, na wanke kafireto mai ƙananan ramuka, amma ban taɓa aikin da ya ci min rai irin wannan ba. Ka yi ta yi har bayanka ya ƙage, ka leƙa kwano ka ga ko gindinsa bai rufe ba.

Ina cikin yi na ji an ja kujera. Inna ta zauna, ta kalli kwanon, ta tsamo ɗaya ta ɗaga a haske.

"Ka bar gashi a nan. In ya shiga maƙogwaron mutum, abin da ya yi wa fatarka shi zai yi masa a ciki." Ta zare cokalin daga hannuna, ta juya shi ta yi amfani da gindin. "Haka ake yi, ya ghabi, wawa kawai. Kuma ka sa kwanon ruwa kusa, kana yi kana tsoma yatsa."

Ta ce nata ido, amma ba ta mayar min da cokalin ba, sai da na ɗauko wani. Muka yi ta yi. Can ba tare da ta ɗago ko ta kama sunan Umma ba ta ce, "Tana cin abinci sosai?"

"Tana ci, Inna. Sai dai gwiwa."

"Gwiwar gado ce." Ta kankare wasu. "Ranar da tsohuwa za ta rasu ma wannan aikin nake. Tsohuwa ta ce murabba take sha'awa, na ce to ta samu sauƙi ke nan. Na ce in na gama gobe sai in kira Kano, kar in tayar wa mutane hankali a banza. Ba ta kai goben ba." Ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Wannan gashin har ido yake shiga." Na ce, "Sosai ma, Inna."

Da muka gama aka wanke ɓawon a rariya, ruwa bayan ruwa, har ta gamsu. Aka zuba a tukunya da ruwa daidai kansa, wuta kaɗan, ya dahu ya yi luguf. Ta sa na murje shi a rariya, sannan na tace ta cikin farin ƙyalle, na sake tacewa ta wani sabo, saboda ko gashi ɗaya kar ya tsira. Sai sukari da ruwan lemon tsami, aka mayar wuta. Ni ke juyawa, ita ke zagina. In na tsaya ta ce zai kama, in na yi sauri ta ce ba tuwo ba ne. Ta ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi, ta tura da yatsa, ya tattare bai gudu ba. Ta ce, "Bas." Kwalbar ma sai da aka tafasa ta da murfinta, aka zuba da zafinsa, aka rufe gam. Duk rabin buhun nan da ƙaya ta sha jinina a kansa, kwalba ɗaya ya bayar da ɗan ragowa a kofi. Ta ce in ba a buɗe ba zai yi watanni, in an buɗe a sa a firij, kuma kar a tsoma jiƙaƙƙen cokali.

Wanda na daka ma bai tafi a banza ba. Ta sa na ɗaure hanci da baki, na hau bene na tankaɗe shi a hankali har gashin ya fita, ta ce in za a dafa shayin a tace da ƙyalle. Ta naɗe kwalbar a cikin zanenta, ta cusa tsakiyar jakata da hannunta. Ta ce, "Ba don ita na yi ba. Don kar wahalarka ta tashi a banza ne." Na ce, "Na sani, Inna."

A filin jirgi jakata ta yi nauyi. Aka ce in rage. Na buɗe, ga kwalba a tsakiya, ga dabino da bagaruwa da na sayo muku. To yanzu kun san inda tsarabarku ta tafi. Wasu masu shara 'yan Bangaladash suna can suna yi muku addu'a.

Na iso gida da hantsi. Umma tana zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ta ce sannu da hanya, ta tambayi Umara, ta tambayi Madina, idonta kuwa yana kan jaka. Na ciro ƙunshin na ajiye gabanta. Zanen ta fara shafawa kafin ta kwance. Ta ɗaga kwalbar, ta sa aka kawo cokali, ta goge shi da kyau, ta buɗe, ta ɗanɗana. Ta rufe ido. Na ce yau za a yi kuka a gidan nan.

Ta buɗe ido ta ce, "Lemon tsami ya yi yawa. Tun muna yara haka Azumi take, hannunta nauyi. Tsohuwa rabin wannan take sawa. Kira min ita."

Na danna lambar Dahumi, ya kai wa Inna. Umma ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Azumi, lemo nawa kika matsa a abin nan?" Na ji muryar Inna ta cikin waya, "Ke da kika aiko min da mahaukaci ya yi min shiƙa a falo, har kina da bakin magana?" Suka kaure, Hausa na shiga Larabci na fita. Can na ji Umma ta sassauta murya, ta ce, "Yaya." Ta ɗago ta gan ni tsaye baki buɗe.

Ta ce, "Kai kuma me kake jira? Fita ka ja mana ƙofa."

Na fita, na ja ƙofa.